Inda Ake Wanke Kuzar Doka

Wata ranar Laraba cikin hunturu na je karɓar ɗinki a shagon wani dattijon tela da ke wani lungu kusa da titin Bauchi, nan cikin Jos. Kayan ba su kammala ba, saura aljihu da maɓalli, sai ya nuna mini benci ya ce in ɗan zauna. A saman kabad ɗinsa akwai 'yar ƙaramar talabijin, ana nuno zaman Majalisar Dattawa kai tsaye daga Abuja. Kyamara ta zaga zauren: jajayen kujeru a jere, da yawansu wayam, wani sanata yana tsaye yana karanta takarda, biyu a bayansa sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Baba tela ya ɗage ƙafa daga kan keke, ya sauko da tabarau kan karan hanci, ya ce, "Malam, don Allah dubi nan. Mutum 109 ake biya da kuɗinmu. Ƙirga mini na zaune."

Na ce, "Baba, wataƙila sauran suna wajen aikin kwamiti."

Ya dube ni kamar na fama masa tsohon miki. "Kwamiti? Ɗana, tun gashina yana baƙi nake jin an kafa kwamiti a kan garin nan. Ka taɓa ganin wanda ya dawo ya gaya mana abin da ya gano?" Ya mayar da ƙafa kan keke, ƙarar ɗinki ta rufe muryar sanatan.

Ban ba shi amsa ba, domin ba ni da ita. Amma tambayar ta biyo ni gida, ta sa na koma na duba yadda aka gina majalisar nan tamu, da tarihin wadda muka kwaikwaya, wato ta Amurka. Ashe ciwon da Baba yake kuka da shi Amurkawa sun yi jinyar irinsa shekara 100 da suka wuce, kuma an san magungunan da suka sha, da wanda ya yi musu aiki da wanda ya zo da nasa laulayin.

Fasalin majalisar ba shi da wuyar ganewa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba ta gida biyu. Majalisar Dattawa kujera 109 ce, kowace jiha uku, Abuja ɗaya. Majalisar Wakilai kujera 360, an raba su gwargwadon yawan jama'a. Shi ya sa Kano take da wakilai 24, Filato take da 8, amma in an shiga zauren dattawa Filato da Kano kafaɗarsu ɗaya. Ƙudiri ba ya zama doka sai zaurukan biyu sun amince da shi da lafazi ɗaya, shugaban ƙasa kuma ya sa hannu cikin kwana 30. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure sun isa su tsallake shi, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta. Kowane zaure yana zaɓar shugabanninsa daga cikinsa ranar rantsuwa: Shugaban Majalisar Dattawa da mataimakinsa, Kakakin Majalisar Wakilai da nasa. Daga nan jam'iyyu su fitar da jagoran masu rinjaye da na marasa rinjaye da masu tsawatarwa. Filato ba baƙuwa ba ce a wannan sahu. Marigayi Ibrahim Mantu, mutumin Gindiri, ya yi mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa ƙarƙashin Anyim Pius Anyim da Adolphus Wabara da Ken Nnamani, har zuwa 2007. Ahmed Idris Wase ya yi mataimakin Kakaki daga 2019 zuwa 2023. Sanata Simon Mwadkwon na Filato ta Arewa ya zama jagoran marasa rinjaye na dattawa a 2023, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓensa bayan 'yan watanni.

Akwai masu cewa zaure biyu ɓarnar kuɗi ce, a rushe na dattawa kowa ya huta. Sukan kafa hujja da Senegal, wadda ta soke tata majalisar dattawan a 2012 bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a Dakar, gwamnatin Macky Sall ta ce gara a kai kuɗin ga waɗanda ruwa ya ci wa gidaje. Sai dai a cikin kujeru 100 na waccan majalisa, shugaban ƙasa ne yake naɗa 65, don haka rasa ta bai rage wa talaka komai ba. Mu kuwa a Filato mun ga yadda zaure tilo yake zama in an matsa masa lamba. A watan Nuwamban 2006 'yan majalisar jiha 6 cikin 24 suka zauna suka ce sun tsige Gwamna Joshua Dariye. Ko me mutum yake gani game da Dariye, wanda kotu ta samu da laifin almundahana a 2018, mutum 6 ba su kai adadin da doka ta tanada ba, kuma Kotun Ƙoli ta soke tsigewar a 2007. Da a ce sai wani zaure na biyu ya amince, da abin bai zo da sauƙi haka ba. A 2006 ɗin ne kuma aka yi rigimar tazarce. Kwamitin haɗin gwiwa na gyaran kundin tsarin mulki, wanda Mantu ya jagoranta, shi ya kawo daftarin da ke ɗauke da wa'adi na uku. Ranar 16 ga Mayun 2006 zauren dattawa ya yi fatali da shi, kuma ƙin zaure ɗaya ya isa a binne magana. Saboda haka ni ba na cikin masu neman a rushe zaure. Ciwon yana can ciki, inda kyamara ba ta cika leƙawa ba.

Da yawa daga cikinmu kuza ce ta kawo kakanninmu tudun nan, kuma har gobe in ka bi ta bayan Bukuru ko hanyar Barikin Ladi za ka ga mata a bakin tsofaffin ramuka suna wankinta. A kwaso ƙasa a kwanon sarki, a juye a magudana, a saki ruwa, a yi ta motsawa da shebur, ƙafa cikin ruwan sanyi tun hantsi. Laka da yashi su bi ruwa, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Mai saye ba ya ganin wannan wahala, buhu kawai yake gani a kan sikeli. Zauren da Baba tela yake kallo a talabijin sikeli ne. Kwamiti shi ne magudanar wanki.

In ƙudiri ya tsallake karatu na biyu, kwamiti ake miƙa wa. Can ake gayyatar masana da waɗanda abin ya shafa zaman jin ra'ayin jama'a, can ake bin sa saɗara bayan saɗara ana gogewa ana ƙarawa. In zaurukan biyu sun fitar da lafazi daban-daban, wani kwamitin ne na haɗin gwiwa yake daidaita su. Kasafin kuɗi ma ta nan yake bi: kowane minista da kowane shugaban hukuma sai ya bayyana gaban kwamitin da ke kula da shi, na dattawa da na wakilai, ya kare abin da ya nema. Sashe na 88 da na 89 na kundin sun ba su ikon bincike, da kiran kowa ya zo ya ba da shaida, da neman takardu, har da sa a kamo wanda ya ƙi amsa kira.

Jos kuwa gari ne da hukumomin tarayya suka yi wa rumfa. Ga Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke nan tun 1924, ga cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki ta Kuru, ga hedikwatar asusun horar da ma'aikata na ITF, ga hukumar fina-finai ta ƙasa, ga gidan tarihi da aka buɗe a 1952, ga runduna ta uku ta soja a Rukuba. Albashin dubban gidaje a Tudun Wada da Rikkos da Unguwar Rukuba da Bukuru, da cinikin mai kabeji da dankalin turawa a Farin Gada wanda yake jiran wannan albashi a ƙarshen wata, duk ta wani ɗaki suke ratsawa a Abuja, inda mutane ƙalilan suke zaune gaban dogon tebur. Gyaran Hawan Kibo, da direbobinmu suke bi da addu'a a baki, layi ɗaya ne a takardar kwamitin ayyuka.

To ga inda gizo ke saƙar. A 2015 Kakaki Yakubu Dogara ya sanar da kwamitoci 96 a Majalisar Wakilai. A 2019, zamanin Femi Gbajabiamila, suka haura 100. A watan Yulin 2023 Abbas Tajuddeen ya karanto 134. A ɓangaren dattawa Ahmad Lawan ya kafa 69 a 2019, Godswill Akpabio ya kai su 74 a 2023. Kowane kwamiti da shugabansa da mataimaki. In ka lissafa, kujeru 148 ke nan ga sanatoci 109, kujeru 268 ga wakilai 360, alhali ma'aikatun tarayya da ake sa wa ido ba su kai 50 ba.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. Mai neman kujerar Kakaki ko ta Shugaban Dattawa ƙuri'un abokan aikinsa yake nema, kuma babban abin da yake da shi na alkawari shi ne kwamiti, tunda shi ne zai shugabanci kwamitin da ke rabon muƙaman. Har suna ake da shi a bakin 'yan siyasa: kwamiti mai maiƙo. Na kasafi, na kuɗi, na man fetur, na ayyuka, na tsaro. Wanda ya yi mubaya'a da wuri ya samu mai maiƙo, wanda ya tsaya a ɗaya ɓangaren a ba shi busasshe. In masu jiran rabo sun fi kujeru yawa, sai a tsaga kwamiti ɗaya gida biyu ko uku. Harkar mai kaɗai an yi mata gunduwa-gunduwa: na haƙowa daban, na tacewa da rarrabawa daban, na iskar gas daban. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma nan miyar ce aka rarraba a tukwane 134, kowace da 'yar wutarta da ba ta isa tafasa ba. Ɗan majalisa ɗaya sunansa yana cikin kwamitoci barkatai da ke zama a lokaci guda, ba zai iya halartar rabinsu ba balle ya san abin da ke cikin takardunsu. Shugaban hukuma ɗaya kwamitoci da dama su kira shi a kan magana ɗaya, ya yi ta zarya tsakanin Jos da Abuja, kuma a ƙarshe babu wanda za a riƙe a ce kai ne mai alhakin sa masa ido.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne kujerar da aka ba ka kyauta ana iya karɓe ta, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2016 Abdulmumin Jibrin ya rabu da shugabancin kwamitin kasafi na wakilai, ya fito yana zargin shugabannin majalisa da cushe a kasafin kuɗi, aka dakatar da shi zama 180. A watan Yulin 2024 aka sauke Ali Ndume daga muƙamin mai tsawatarwa na dattawa bayan ya soki gwamnati a bainar jama'a. Ba ina yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya a waɗannan rigingimu ba ne. Abin da nake dubawa shi ne darasin da sauran suka ɗauka suna zaune a kujerunsu suna kallo.

Tsarin shugaba mai cikakken iko da muka rungumo a 1979 daga Amurka muka aro shi. Zaurukansu biyu sun samo asali daga sulhun da aka ƙulla a Filadelfiya a 1787 tsakanin manyan jihohi da ƙanana, shi ya sa yau California take da wakilai 52, Wyoming take da 1, amma sanatocinsu bibbiyu ne. Mun kwafo wannan. Abin da ba mu kwafo ba shi ne gyare-gyaren da suka yi wa cikin gidan daga baya.

A farkon ƙarni na 20 majalisar dattawan Amurka tana da sanatoci 96 da kwamitoci sama da 70. Wasu sun yi shekaru ba su zauna ba ko sau ɗaya. Akwai kwamitin duba haƙƙoƙin waɗanda suka yi yaƙin neman 'yancin kai, yaƙin da aka gama tun 1783. Akwai na zubar da takardun da ba su da amfani a ma'aikatu. Me ya sa aka bar su? Saboda a lokacin shugaban kwamiti ne yake da tabbacin samun ofis da akawun da gwamnati ke biya. Sanatan da ba shi da kwamiti, teburinsa na cikin zaure ko ɗakin da yake haya shi ne ofishinsa. Maiƙon wancan zamani ɗaki ne da akawu, sai aka yi ta ƙirƙirar kwamitoci don kowa ya samu. A 1909 aka buɗe ginin ofisoshin sanatoci, daga baya aka ba kowane sanata ma'aikata, ko yana da kwamiti ko ba shi da shi. Ranar 27 ga Mayun 1920 majalisar ta soke kwamitoci sama da 40 a zama ɗaya, ba tare da wata hayaniya ba. Babu wanda ya yi musu wa'azi. An cire abin da ya sa suke manne wa kujerun ne, sai kujerun suka faɗi da kansu.

A majalisar wakilansu kuwa matsalar ta Kakaki ce. Joseph Cannon na jihar Illinois, wanda ya riƙe kujerar daga 1903 zuwa 1911, shi yake naɗa 'yan kowane kwamiti da shugabanninsu, shi ne kuma shugaban kwamitin dokokin zama, wanda ke yanke ƙudirin da zai shiga zaure da wanda zai ruɓe a aljihun tebur. Wanda ya saɓa masa ya ga sauyin kwamiti. A watan Maris na 1910 George Norris na Nebraska, ɗan jam'iyyarsu ɗaya ta Republican, ya haɗa kai da 'yan adawa. Aka kwana biyu ana kai ruwa rana, a ƙarshe aka fitar da Kakaki daga wancan kwamiti. A 1911 aka ƙwace masa ikon naɗi gaba ɗaya, aka mayar wa zaure ya riƙa amincewa da jerin sunayen da jam'iyyu suka kawo. Abin lura a nan shi ne 'yan gida ne suka yi wannan aiki, mutanen da suka san abin da za su iya rasawa.

Babban gyaran ya zo bayan yaƙin duniya na biyu. 'Yan majalisa suka ga ɓangaren zartarwa ya yi girma ƙwarai a zamanin Shugaba Roosevelt, su kuma suna binsa da tsofaffin kayan aiki. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Sanata Robert La Follette ƙarami na Wisconsin da Wakili Mike Monroney na Oklahoma, kuma Shugaba Truman ya sa hannu a dokar da suka kawo ranar 2 ga Agustan 1946. Kwamitocin dattawa suka sauko daga 33 zuwa 15, na wakilai daga 48 zuwa 19. Aka rubuta hurumin kowanne baƙi da fari don kada biyu su yi ta ja-in-ja a kan hukuma ɗaya. Aka ba kowanne ƙwararrun ma'aikata na dindindin, aka taƙaita yawan kwamitocin da mutum ɗaya zai shiga, aka ɗora musu nauyin sa ido a kan hukumomi ba tare da yankewa ba. Gomman shugabanni ne suka kaɗa ƙuri'ar da ta raba su da kujerunsu. Ba don su waliyyai ba ne: dokar ta ƙara musu albashi daga dala 10,000 zuwa 12,500 a shekara, ta kuma kawo musu fansho, an haɗa ɗaci da zuma. Shi kuwa La Follette, da ya zauna a Washington yana tura dokar maimakon ya koma gida kamfe, a cikin watan nan na Agusta ya faɗi zaɓen fid da gwani a hannun Joseph McCarthy. Yau majalisar wakilan Amurka mai mutum 435 tana da kwamitocin dindindin 20, ta dattawa mai mutum 100 tana da 16. Gaskiya ne ƙananan kwamitoci sun yi ta tsirowa a ƙarƙashinsu, amma kowane ƙarami yana da uwar da yake amsa wa.

Wani abu kuma da suka gina shi ne idon kansu. Da Shugaba Nixon ya riƙa ƙin sakin kuɗin da majalisa ta ware, sai suka yi dokar 1974 wadda ta kafa ofishin kasafi na majalisa, Alice Rivlin ta fara shugabantarsa a 1975. Tun daga nan in fadar shugaban ƙasa ta kawo alƙaluma, majalisa tana da nata da za ta gwada. Kwamitin da ba shi da wanda zai duba masa lissafi, abin da minista ya karanta masa shi zai haɗiye.

Ba zan ɓoye inda maganin ya yi illa ba. Da aka cire hannun Kakaki, sai al'adar daɗewa ta maye gurbinsa: wanda ya fi daɗewa a kwamiti daga jam'iyya mai rinjaye shi ne shugaba, ba mai taɓa shi. Wannan ya ba shugabannin 'yanci da zurfin sani, amma ya haifi wasu sarakuna. James Eastland na Mississippi ya riƙe kwamitin shari'a na dattawa daga 1956 zuwa 1978, kuma ƙudirorin ba baƙaƙen fata 'yancinsu da dama a teburinsa suka mutu. Howard Smith na Virginia, mai kwamitin dokokin zama na wakilai, yakan tafi gonarsa don kada a yi zama. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 sai da aka kauce wa kwamitin Eastland aka kai ta zaure kai tsaye. Mu mutanen Jos, ta kowane ɓangare, mun san ɗacin a zauna a kan maganarka shekara da shekaru, don haka wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne gare mu. Su ma sun gyara: a 1975 'yan Democrat suka kayar da tsofaffin shugabannin kwamiti uku da ƙuri'a, a 1995 'yan Republican suka sa wa'adin shekara 6. Ingila ta bi wata hanyar da na fi ganin za ta dace da mu. Tun 2010 yawancin shugabannin kwamitocin sa ido na majalisar wakilanta zaure ne gaba ɗaya yake zaɓarsu ta ƙuri'ar sirri, bayan an raba kujerun tsakanin jam'iyyu gwargwadon ƙarfinsu. Wanda aka zaɓa haka babu mai bin sa bashin godiya sai abokan aikinsa. Kuma aro daga can ba sabon abu ba ne a wurinmu: al'adar ba ɗan adawa shugabancin kwamitin binciken asusun gwamnati, wadda muke bi a Abuja, daga Ingila ta zo, inda aka kafa irin wannan kwamiti tun 1861.

Akwai bambanci ɗaya tsakaninmu da Amurka da ya sa rage kwamitoci kaɗai ba zai wadatar ba. Can mutum yakan yi shekara 20 ko 30 a kwamiti ɗaya. Nan a kowane zaɓe fiye da rabin 'yan majalisa ba sa dawowa. Mazaɓar Jos ta Arewa da Bassa ma kaɗai ta sauya wakili sau da dama tun 2019, ta dalilin rasuwa da zaɓen cike gurbi da hukuncin kotu. In mutane suna sauyawa haka, dole tunanin kwamiti ya zauna a wani wuri da ba ya sauyawa: a hannun akawu da ƙwararrun ma'aikata da ma'ajiyar takardu da kowa zai iya dubawa. Muna da cibiyar nazarin harkokin majalisa da dimokuraɗiyya a Abuja, tushe ne mai kyau, amma ba ta kai ƙarfin ofishin da zai ce wa ministan kuɗi lissafinka bai fita ba. Inda aka dace aka sa mai sani a gurbinsa kuwa, ana ganin bambanci. Marigayi Sanata Gyang Dantong na Filato ta Arewa likita ne, kuma shi ne shugaban kwamitin lafiya na dattawa lokacin da ya rasu a watan Yulin 2012, a wurin jana'izar mutanen da aka kashe a yankin Riyom. Likita ba ya buƙatar a fassara masa takardar asibiti. Irin wannan dacewa bai kamata ta dogara da sa'a ko da wanda ka mara wa baya ranar zaɓen shugabanni ba.

Wannan ya dawo da ni ga tambayar Baba tela. Kwamitocin da yake nufi na san su, kowa a garin nan ya san su. Na Mai Shari'a Fiberesima bayan rikicin Afrilun 1994. Na Mai Shari'a Niki Tobi bayan na Satumbar 2001. Bayan na Nuwamban 2008 gwamnatin jiha ta kafa na Bola Ajibola, gwamnatin tarayya ta kafa na Janar Emmanuel Abisoye, Majalisar Wakilai ma ta turo nata na wucin gadi. A 2010 aka yi na Solomon Lar. Mutane sun je sun ba da shaida, wasu da hawaye, Musulmi da Kirista, Berom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa. Duk waɗannan kwamitoci abu ɗaya ya haɗa su: ranar da suka miƙa rahoto, ranar suka watse. Babu wanda aikinsa ne ya dawo baɗi ya tambaya, shawara ta kaza an aiwatar? In ba a yi ba, wa ya hana? Wannan aikin kwamitin dindindin ne, mai hurumi a rubuce, mai ma'aikatan da suka karanta rahoton 1994 da na 2001, wanda sufeton 'yan sanda da ministan tsaro za su zo gabansa kowace shekara neman kuɗi, ya ce musu kafin mu yi maganar baɗi, ku gaya mana ta bara. Majalisar tana da ƙarfin yin haka. Da Obasanjo ya ayyana dokar ta-ɓaci a Filato ranar 18 ga Mayun 2004, ya dakatar da gwamna da majalisar jiha, ya kawo Janar Chris Alli, cikin 'yan kwanaki zaurukan biyu suka amince. Hannun da ya iya wannan cikin gaggawa zai iya riƙe fayil ɗaya shekara 10.

Kuma in za a yi irin wannan zama, a zo Jos a yi shi, a zauren da mai keken ɗinki da mai wankin kuza za su iya shiga. Sashe na 55 na kundin ya yarda a gudanar da aikin majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci bayan Turanci, in an yi tanadi. Fiye da shekara 25 ke nan ana jiran tanadin.

A tsakiyar 2027 za a rantsar da majalisa ta 11. Filato za ta tura mutum 11, sanata 3 da wakili 8, kuma kowannensu masu neman shugabanci za su zo masa da alkawari tun kafin ya gama sanin hanyar ofishinsa. Ranar zaɓen Kakaki da Shugaban Dattawa duk talabijin ɗin garin nan za su kasance a kunne, za a yi ta muhawara a teburin mai shayi a kan yankin da ya samu da wanda ya rasa. Bayan 'yan makonni, dab da tafiya hutu, shugaban kowane zaure zai ɗauko wata doguwar takarda ya fara karanto kwamitoci ɗaya bayan ɗaya. Ranar nan zan nemi biro da takarda in zauna ina ƙirgawa, in ga ko sun haura 74 da 134 ko sun sauko, in kuma ga a wane ɗaki kowane ɗaya daga cikin mutanenmu 11 ya faɗa.